Filin fakin ɗin filazata ya farfashe ko shekara bai yi ba, rodi zai magance?

Tambaya: Salam Injiniya, dan Allah a taimaka min. Ina da filaza a Kubwa, bara cikin hunturu muka zuba kankare a gabanta inda motoci ke fakin. Yanzu duk ya tsattsage, samansa sai gari yake kamar an watsa toka, in aka yi ruwa kuma ya kwanta a tsakiya. Masu haya sun fara ƙorafi, ɗaya ma ya ce tashi zai yi. Ɗan kwangilar ya ce simintin ne ba kyau, wai a fasa a sake da rodi mai kauri. Wallahi hankalina a tashe yake, kuɗin da na zuba ba kaɗan ba ne.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya mayar da alheri. Kar ka sayi rodin nan tukuna. Rodi ba ya hana kankare tsagewa, aikinsa ya riƙe tsagar kar ta buɗe baki, garin da kake gani a sama kuwa ko tirela guda ta rodi aka binne ba abin da zai canza. Siminti ma ana ɗora masa laifi ne saboda ba shi da bakin magana.

Daga bayaninka ni ruwa nake zargi, an cika shi lokacin kwaɓi sannan aka hana shi bayan zubi. Wannan abu kullum sai na yi faɗa a kansa a wurin aiki. Mutane sun ɗauka kankare bushewa yake kamar bulon laka, rana ta buge shi shi kenan ya yi ƙarfi. Ba haka ba ne. Siminti haɗuwa yake da ruwa a hankali yana kama tsakuwa da yashi, kwana 28 ake lissafa masa kafin a ce ya kai ƙarfin da aka tsara, a kwana 7 wajen kashi biyu cikin uku kawai ya samu. In ruwan ya gudu tun ranar farko toh aikin ya tsaya a nan, kuma saman ne ke fara mutuwa, wurin da taya ke takawa kenan. Kai kuma cikin hunturu kuka zuba, iska busasshiya ga ranar Abuja, kafin la'asar fuskar ta shanye.

Na sha tsayawa ina kallo, miksa na juyawa, leburori sun gaji da ɗaukar kwano, sai ka ji birkila ya ɗaga murya "a ƙara ruwa ya yi laushi!" yaro ya ɗebo bokiti biyu ya antaya, kankare ya koma kunu yana malala da kansa kowa ya huta. Buhu ɗaya mai kilo 50 bai kamata ya sha fiye da lita 25 ba, jarka guda kenan, har da damshin da ke jikin yashi a ciki. Duk abin da ya haura haka fita zai yi ya bar ƙananan ramuka, ƙarfi ya ragu tsagewa ta ƙaru. Sannan da ruwan ya taso sama sai su barbaɗa busasshen siminti su shafe da cokali ya yi sheƙi, mai gida ya zo ya ga santsi ya yi murna ya biya. Ɓawon nan shi ke zama gari daga baya. In kwaɓi ya yi tauri akwai sinadarin da ake sawa ya saki, akwai foka da ke girgiza shi ya zauna, amma haya ake biya, bokiti kuwa kyauta ne. Abin da ke min ciwo duk wanda ya taɓa riƙe cokali yanzu injiniya yake kiran kansa, ya karɓi amanar miliyoyin mutum, ranar da aka gama zubi ya kwashe kayansa ba wanda ya bari da tiyo. Ku ji tsoron Allah, dukiyar mutane ce fa.

Kwanciyar ruwa a tsakiya ko ba a ba shi gangara ba ne, ko ƙasan ya zauna saboda ba a daddaɓe ba. Nan ne za a gane ko fasawa za a yi. Ka samo injiniya mai rajistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wanda ba ruwansa da ɗan kwangilarka, ya yanko samfur a kai ɗakin gwaji, ya duba kauri da abin da ke ƙasa. In bai nutse ba kuma cikinsa na da ƙarfi, ana iya kankare ɓawon saman a cire shi a cike tsagar a ci gaba da amfani. In ya nutse sai fasawa.

In ta kai ga sakewa, a kwashe baƙar ƙasa, a zuba jar ƙasa hawa-hawa ana bi da rola, a shimfiɗa dakakken dutse, ga Mpape inda ake fasa dutse nan kusa. Kauri inci 6 ya ishi ƙananan motoci da masu sauke kaya, in tanka ko tifa na shigowa a kai inci 8 a hanyarsu. Gangara aƙalla santimita 1 zuwa 2 a kowace mita zuwa kwata. A yanka layuka duk mita 4 ko ƙasa da haka, zurfin kashi ɗaya cikin huɗu na kaurin, kar a wuce kwana ɗaya ba a yanka ba, don kankare dole ya tsage, gara ya bi layin da ka zana masa. A cika samfur a ƙananan akwatuna ranar zubi don gwajin kwana 7 da 28.

Sai ban ruwa. Da ya kama a lulluɓe shi da buhun algarara jiƙaƙƙe ko leda, kwana 7 cur kar ya ga bushewa, ba yayyafin safe sau ɗaya ba. Ka sa kuɗin tankar ruwa da na mai bayarwa a cikin yarjejeniya a rubuce, ka riƙe cikon kuɗin ɗan kwangila sai sakamakon gwaji ya fito. A tare ƙofa da durom, ƙananan motoci sai bayan sati, manya sai kwana 28, ko masu haya sun yi fushi ka ba su haƙuri su yi fakin a waje.