An kawo mini agogon jirgin zamanin yaƙin Hitila: yaya zan gane na gaske ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sana'ar kayan tarihi a Damagaram. Wani dillali ya kawo mini agogon auna tsayi irin na gaban matuƙin jirgin sama, tare da guntun alminiyum mai ƙusoshi, ya ce daga jirgin Ingila ne da ya faɗi a daji lokacin yaƙin Hitila. A bayan agogon akwai kambi da haruffan A.M. Yana neman jaka ɗari da hamsin. In saya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Alhaji, abu biyu dillalin yake sayar maka a kuɗi ɗaya, wato kayan da kuma labarin da ya rataya musu, kuma kowanne da hanyar binciken sa. Kayan za ka iya gwada su da idonka, amma labarin sai da takarda, kuma galibin kuɗin da ya yanka na labarin ne.

Labarin ba abin da hankali zai ƙi ba ne. Tun daga watan Satumba na 1940 Ingilishi suke harhaɗa jiragen Hurricane da Blenheim a Takoradi, cikin ƙasar Gana ta yau, su bi da su ta Legas da Kano da Maiduguri da Hartum har Masar. Hanyar ta kudu da mu ta wuce, domin Nijar tana hannun gwamnatin Vichy, wato gwamnatin Faransa mai bin Jamus, har ƙarshen 1942, amma hazo na iya ɓatar da matuƙi, kuma hamada tana ajiye abin da ya faɗa mata. Jirgin Amurka mai suna Lady Be Good ya ɓace a 1943, ba a hango shi a hamadar Libiya ba sai 1958, wani jirgin Kittyhawk na sojan Ingila kuma da ya sauka a hamadar Masar a 1942 sai a 2012 aka gan shi. Yiwuwar abu dai ba shaidar aukuwarsa ba ce.

Haruffan A.M. tambarin Ma'aikatar Jiragen Sama ta Ingila ne, kuma ma'aikatar ta ci gaba da aiki har 1964, saboda haka tambarin shi kaɗai bai ce yaƙi ba. Ka dubi kambin da kyau: na zamanin Sarki Joji na Shida samansa a dunƙule yake kamar tulluwa, na Sarauniya Elizabet kuwa, wanda ya shigo bayan 1952, yana da lotsawa a tsakiya. Sannan ka nemi lambar sito, wadda a agogunan jirgi take farawa da 6A/, da kuma lambar ƙira, wadda sau da yawa take ƙarewa da shekara, kamar 41 ko 43. Ka sa gilashin ƙara girma a kan rubutun. Wanda aka buga a masana'anta zurfinsa ɗaya, layinsa a miƙe, kuma datti da tsufa sun zauna cikin ramin haruffan kamar yadda suka zauna a sauran jikin. Wanda aka buga jiya da ƙusa da guduma yakan yi hawa da sauka, cikin ramin yana ƙyalli. Haka idan aka kawo maka na Amurka ka ga an rubuta U.S. Air Force, to bayan yaƙi ne, domin rundunar ba ta sami wannan suna ba sai 1947.

Ko da duk wannan ya yi daidai, abin da ka tabbatar shi ne agogon na zamanin ne. An ƙera irinsu dubbai, an yi gwanjon ragowarsu bayan yaƙi, kuma da wuya a sami rajistar da ta ɗaure agogo kaza da jirgi kaza. Agogon da ya faɗo daga sama ya kwana shekara tamanin a rairayi, gilashinsa zai dushe saboda gogar yashi, fentinsa zai ƙone ta gefen da ke kallon rana. In ka ga gilashi garau, allura lafiya lau, sukurori babu ko ƙwarzane, to daga akwatin sito ya fito, ba daga tarkace ba.

Guntun alminiyum ɗin ya fi wuya, kuma shi ne ya fi damuna. A garin da maƙera suke narka alminiyum su zuba tukwane, yanka falle a jera masa ƙusoshi aikin yini ɗaya ne. Na jirgi ƙusoshinsa a jere suke da tazara ɗaya, galibinsu cikakku ne ba masu rami a ka ba, ta ciki kuma akwai saura fentin kariya, na Ingila kore mai toka-toka, na Amurka kore mai rawaya. In ma ya tabbata na jirgi ne, sai a tambayi wane jirgi. Yaƙin Cadi da Libiya ya bar tarkacen jiragen Rasha a Wadi Dum, arewacin Cadi, a 1987, kuma irinsu rubutun Rashanci ke tona su. Akwai kuma jirgin fasinja na kamfanin UTA na Faransa da aka tarwatsa a kan Tenere ran 19 ga Satumba 1989, mutum 170 suka rasu, cikinsu har da mutanen ƙasashen maƙwabtanmu. Tarkacensa ya watsu a fili mai faɗi. Ni a ganina wannan wuri makabarta ce, kuma ba zan so hannunka ya shiga cinikin abin da aka tsinto daga can ba.

Abin da zai ɗaure labarin shi ne lambar jirgin, wadda Ingilishi suke rubutawa kusa da wutsiya. In dillalin ya kawo ta, tare da sunan wurin da hoton tarkacen a inda yake, gidan tarihin sojan sama na Ingila da ke Hendon a Landan yana ajiye katunan jiragen da na haɗurransu, ana iya rubuta musu a gwada. In ya ce wanda ya tsinto ya rasu, wurin kuma ba a faɗa, sai ka taya agogon a kuɗin tsohon agogo kawai, ka bar masa guntun ƙarfen. Kafin ka sayar wa baƙo kuma, ka tuntuɓi hukumar al'adu, domin dokar 1997 ta kare kayan tarihi ta shafi fitar da su daga ƙasa.

Sai ka yi hattara da lafiyarka. Lambobi da allurar waɗannan agogunan da yawa an shafe su da fenti mai sinadarin radiyom don su yi haske da dare. Hasken ya mutu tuntuni, fentin ya koma ruwan ƙasa, amma tururin gubar yana nan, domin radiyom sai ya shekara wajen 1,600 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. Kada ka kwance shi, kada ka kai wa mai gyaran agogo ya hura ƙurar da baki, kada ya kwana a ɗakin yara. In gilashin ya tsage, ka ƙulle shi cikin leda biyu, ka wanke hannu, ka ajiye shi inda iska take shiga har a sami mai na'urar awo ya duba shi.