Akwatin tsohon soja: ta inda ake fara binciken

Ɗana, ka ce wasu mutane daga wajen Kumo sun kawo maka ƙaramin akwatin ƙarfe na kakansu. A ciki akwai lambobin yabo biyu, hoto ɗaya da ya dushe, da takardar da gara ta cinye rabinta. Manomi ne, ya yi soja, ya dawo ya ci gaba da noma har ya rasu, kuma jikokin suna so a rubuta musu tarihinsa. Tambayarka ita ce ko gobe ka kama hanyar Kaduna, gidan adana takardun tarihi. Kada ka tafi tukuna. Wanda ya je Kaduna da suna kawai, kuɗin mota zai yi asara. Abu biyu za ka fara kamawa: wane yaƙi ne, kuma mece ce lambarsa ta soja.

Fara da akwatin. Shimfiɗa farin ƙyalle a inuwa, ka jera kayan, ka ɗauki hoton kowanne gaba da baya, da rula a gefe don a san girmansa. Kada ka bari a goge lambobin da toka ko lemon tsami. Suna cinye ƙananan rubutun da muke nema. Takardar kuma kada a kai ta a manne da leda mai zafi, kada a liƙa mata salatif. Zafin yana ƙona tawada, gam ɗin salatif kuma bayan 'yan shekaru yana komawa ruwan ƙasa ya ɓata layin da ke ƙarƙashinsa. Sa ta a tsakanin fararen takardu biyu cikin fayil mai tauri, shi ke nan. Ko ɓarɓashin da ya zube a gindin akwatin ka tattara a ambulan, domin sau da yawa lamba ɗaya da ta ɓace tana jikinsa.

Yanzu batun yaƙin. A bakin mutanen ƙauye, "ya je yaƙi" yana iya nufin abu huɗu ko biyar. Akwai yaƙin Jamus na farko, inda sojan Najeriya suka yi Kamaru daga 1914 zuwa 1916, Garwa ta faɗi a 1915, dutsen Mora a farkon 1916, daga nan aka kwashi wasu zuwa gabashin Afirka. Akwai yaƙin Hitila, shi ma kashi biyu: Habasha da Somaliya a 1940 zuwa 1941, sannan ƙasar Bama, wato Myanmar ta yau, daga 1943 zuwa 1945. Akwai Kwango bayan samun 'yanci, 1960 zuwa 1964. Akwai yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970. Sai wani tarko da ke kama sababbin shiga irinka: tsakanin 1942 da 1944 gwamnati ta ɗebi mutane da ƙarfi daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos. Jikoki sukan gauraya wannan da soja, don duk a lokacin yaƙi aka tafi da mutum. Wanda ke da lambar yabo dai ya sa kaki, amma ka riƙe wannan don wani aikin.

Lambobin za su yi maka rabin aikin. Juya su ka duba baki, wato kaurin gefe. Na yaƙin farko an buga musu lambar mutum da sunansa da gajeren sunan rundunarsa a gefen. Idan ka ga haka, ka gode wa Allah, ƙofa ta buɗe. Na yaƙin Hitila kuwa yawanci babu suna ko kaɗan. Suna gaya maka inda aka je, ba sa gaya maka wanda ya je, don haka yana yiwuwa na wansa ne ko na abokinsa suka shigo akwatin. Idan tauraro ne mai tsini shida, karanta rubutun da ya zagaye tsakiyarsa. Na Bama ƙyallensa ja ne a tsakiya, gefe-gefe shuɗi mai duhu da ratsin ruwan lemo. Na Afirka ƙyallensa kalar yashi ne, da faffaɗan ja a tsakiya da siraran shuɗi biyu, ɗaya mai duhu ɗaya mai haske. Mai duka biyun tsohon hannu ne: ya shiga tun farkon yaƙin, ya yi Habasha, aka sake ɗibarsa zuwa Bama.

Hoton ka sa masa gilashin ƙara girma, ka dubi hannun riga da kafaɗa. Igiya ɗaya las kofur, biyu kofur, uku saje. Idan akwai baƙin gizo-gizo a kafaɗa, runduna ta 81 ce, waɗanda suka yi kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, ana jefo musu abinci daga jirgin sama. Idan mashi biyu ne a giciye da gammo a tsakiya, ta 82 ce, waɗanda suka bi gaɓar Arakan. Rundunonin biyu sun haɗu a Myohaung a Janairun 1945, shi ya sa akwai bariki mai wannan suna a Legas. Gammon nan ba ado ba ne. Dubban mutanenmu aikinsu ɗaukar harsashi da abinci da sassan igwa a ka, cikin dajin da mota ba ta shiga. Idan binciken ya nuna kakansu ɗan ɗaukar kaya ne, ka rubuta haka kai tsaye, kada ka ba shi bindigar da bai riƙe ba. Jar dara da tambarin bishiyar kwakwa kuma kayan fareti ne na zamanin Turawa, suna nuna maka hoton kafin 'yanci aka ɗauke shi, ba sa nuna filin daga.

Takardar sallama ita ce uwa. Abin da kake nema a kanta shi ne lambar soja, wadda a yaƙin Hitila takan fara da NA, sai ranar shiga, ranar sallama, da bataliya. Idan ka ga 63NA a gaban lambar, ka bar maganar Bama, mutuminka na bayan 'yanci ne. Shekarun haihuwa da ke jikin takardar kada ka ɗauke su da nauyi: kallon mutum aka yi aka kintata. Sunan ma haka. Magatakardan soja sukan rubuta sunan mutum su liƙa masa sunan gari, shi ya sa bataliya ɗaya za ta tara Musa Bauchi ko Garba Gombe fiye da ɗaya. Garin ma wani lokaci inda aka ɗauke shi ne, ba inda aka haife shi ba. Wani ya ba da sunan ƙarya don kada iyayensa su biyo sawu. Wani daga Tangale ko Dass ko Tafawa Ɓalewa ya shiga da sunan yarensa, ya fito da sunan Musulunci ko na coci. Ga kuma rubutun Turawa: Garba ya zama Garuba, Mamman ya zama Momo, Gombe ta koma Gombi, alhali Gombi gari ne daban a Adamawa. Duk sunan da kake nema ka rubuta shi ta hanya huɗu ko biyar kafin ka ce babu shi. Lamba ce kaɗai ba ta da tagwaye.

Daga nan sai ƙauyen, kuma can ne aikin yake. Ka ware kwana biyu ko uku. Fara gaida dagaci, ka faɗi abin da ya kawo ka, ka riƙe goro. Nemi tsofaffi uku aƙalla, ka zauna da kowanne shi kaɗai. Idan ka tara su a zaure ɗaya, mai ƙarfin murya zai ba da labari, sauran su ce haka ne, ka tashi da shaida ɗaya kana zaton uku ce. Kada ka tsallake tsofaffin mata, 'yarsa ko matar ɗansa. Su ne suka san wace mata ya bari da ciki, wa ya ciyar da gidan, da irin ihun da yake yi cikin barci. Nemi izini kafin ka kunna rikoda, kuma kada zama ya wuce awa ɗaya, tsoho yana gajiya ya fara ba ka amsar da zai sallame ka da ita.

Yadda kake tambaya shi ne rabin sana'ar. Kada ka ce, "Baba, Bama ya je ko?" Zai ce maka e don ladabi. Ka ce, "Waɗanne garuruwa yake yawan ambata?" Idan ka ji Bambai ko Kalkata ko Citagon, garuruwan da ke kan hanyar zuwa Bama, sun fito da kansu, ka samu. Kada ka tambayi shekara, manomi ba da ita yake lissafi ba. Tambayi damina: damina nawa aka yi bai riƙe fartanya ba? Ya tafi kafin shuka ne ko bayan an kai amfani rumbu? Wa ke sarauta? A Bauchi, Sarki Yakubu na uku ya hau a 1941, don haka "farkon sarautar Yakubu" ta ba ka lokacin yaƙin daidai. A Gombe wannan ma'aunin ba ya aiki sosai, domin Sarki Abubakar ya yi mulki tun daga 1936 har 1984. Can sai ka koma ga hakimi ko dagacin lokacin, ko isowar jirgin ƙasa Gombe a 1963, ko canjin kuɗi zuwa naira a 1973. Sannan jera 'ya'yansa bi da bi. Inda ka ga tazarar shekara huɗu ko biyar babu haihuwa, gwada ta da ranakun takardar sallama. Yawancin 'yan Bama sai 1946 suka iso gida, ba 1945 ba, saboda jiran jirgin ruwa; ɗan da aka haifa bayan dawowa zai faɗa wajen 1947.

Ka tuna sojan shekara huɗu ne ko biyar a cikin rayuwar shekara saba'in. Sauran duk gona ce, kuma nan ne masu rubutun gaggawa suke zaluntar mutum, su cika shafi goma da Bama su ba noma layi biyu. Ka sa a kai ka gonar da ƙafarka. Bi iyaka, ka rubuta itatuwan da ke tsaye a kanta, kuka ce ko ɗorawa ko tsamiya, ka tambayi wanda ya sare dajin. Gadonta ya yi ko bayan dawowa dagaci ya yanka masa? Da ya tafi, a gandun mahaifinsa yake ko ya riga ya ware? Wa ya noma ta, kuma da ya dawo an mayar masa salin-alin ko sai da aka je gaban alƙali? Kuɗin sallama me ya saya da su: shanun huɗa da garma, keke, keken ɗinki, ko aure ya ƙara? A ƙasar Gombe wannan tambayar tana da nauyi, don shekarun bayan yaƙi ne auduga ta bunƙasa, kuma mai garmar shanu shi ya faɗaɗa gona. Tambayi kuma ko ya taɓa aikin En'e, domin tsofaffin soja da yawa sun yi ɗan doka ko masinja ko gandiroba kafin su koma gona ɗungurungum. A roƙi dangin su duba cikin gafaka da ƙasan adaka: rasit ɗin haraji da na jangali suna ɗauke da shekara da sunan unguwa, takardar rabon gado kuma tana lissafa gonaki da magada.

Sai ka dawo da wannan duka kafin maganar ofisoshi. Fara da na kusa, ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion a Gombe ko Bauchi, ka je da lambar. Idan akwai ɗan'uwansa ko abokin tafiyarsa da bai dawo ba, shafin intanet na hukumar kaburburan yaƙi ta Commonwealth kyauta ne, ana nema da suna ko lamba. Sunayen 'yan Najeriya da suka mutu a Bama ba a san kabarinsu ba suna jikin bangon tunawa na maƙabartar Taukkyan, kusa da Rangun, wato Yangon ta yau. Wanda ya dawo da ransa ba ya cikin wannan jerin, kada rashin ganinsa ya ruɗe ka.

A Kaduna, kada ka nemi "Jihar Gombe", don sai 1996 aka yi ta. A zamanin da kake bincike Gombe yanki ce a Lardin Bauchi, fayilolin lardin suna ƙarƙashin jerin da ake kira Bauprof. Duba jerin, ka fitar da abin da ya shafi ɗaukar soja, tsofaffin soja, rahoton shekara-shekara, da rahoton kimanta haraji na gundumarsa. Na ƙarshen nan zai ba ka abin da ake nomawa a ƙauyen da yawan masu biyan haraji. Tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, za su nuna maka irin labarin yaƙin da ke isowa gida. Littafin da kowace bataliya ke rubuta abin da ya faru kullum yana gidan adana takardun tarihi na Birtaniya da ke Kew, a Landan, na Bama a ƙarƙashin jerin fayiloli mai lamba WO 172. Da wuya ya ambaci farabiti da suna, amma idan ka san bataliyar, zai gaya maka inda take a kowace rana. Kada ka yi wa dangin alkawarin fayil mai sunan kakansu a bango.

Wajen rubutawa, kowace magana ka sa mata alama a gefen daftarinka: wadda ka gani a takarda, wadda mutum biyu da ba su zauna tare ba suka faɗa, da wadda mutum ɗaya ya faɗa. Ta ukun ba a zubar da ita, amma ana cewa "in ji 'yarsa". Inda bataliyarsa ta je ka rubuta "bataliyarsa", kada ka rubuta "shi", don mai yiwuwa a makon yana kwance a asibiti da zazzaɓi. Idan takarda ta saɓa wa abin da gida suka yi imani da shi, misali suna cewa samanja ne takarda ta ce kofur, ka sami babban gidan shi kaɗai ka nuna masa kafin kowa ya karanta.

Gobe da safe ka kawo akwatin nan shago, da gilashin ƙara girma, mu duba gefen lambobin tare. Ka kuma kira su ka tambaya ko 'yar tsohon tana da rai. Idan tana nan, da ita za ka fara.