Gano manhajar da ta riƙe ƙofa ta 80

Malam, ka ce Apache, wato manhajar gudanar da shafukan yanar gizo, ya ƙi tashi a kwamfutar shagonka da ke Samaru saboda wata manhaja ta riga ta kama ƙofa ta 80, wato port 80, hanyar da shafukan yanar gizo suka saba bi a kwamfuta. Ka buɗe Command Prompt, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta netstat -ano | findstr :80, sannan ka duba layin da ke ɗauke da LISTENING, amma ka lura, domin 8080 ma takan fito ta ruɗa mutum. Lambar ƙarshen layin ita ce PID, wato lambar da Windows ke ba kowace manhaja da ke aiki, kuma da ita za ka ga sunan manhajar a sashen Details na Task Manager. Idan 4 ce, Windows ce da kanta, galibi ta hanyar IIS, wato nata tsarin gudanar da shafukan yanar gizo, don haka kada ka yi yunƙurin kashe ta. Idan IIS ne ya kama ƙofar, tsayar da shi ya wadatar. Idan kuwa baƙon suna ne, ka kai wa masanin tsaron kwamfuta kafin ka goge komai.