Amsa ga ɗan'uwan da ya tambaya kan sitiyarin Civic ƙirar 2022

Assalamu alaikum. Malam, ka ce ka ba da kafin alƙalami a kan Civic ƙirar 2022 da aka sauke daga Amurka, sai ka ji masu irinta a can suna kukan sitiyari yana maƙalewa har wasu sun yi haɗari, shi kuma dilan ya ce surutun Turawa ne, mota lafiyarta ƙalau. Kana neman shawara, ka cika kuɗin ko ka janye. Maganar dilan nan ce ta hana ni wucewa, don irinta aka faɗa mini da irin wannan murmushin, kuma har yau iyalina tana fama da kafaɗa.

Ba surutu ba ne. A watan Maris na 2023 hukumar kula da lafiyar motoci ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike a kan Civic ta 2022 da 2023 bayan ƙorafi 145 daga masu motocin. Kukansu iri ɗaya ne: an ɗan jima ana gudu a babbar hanya, ka zo karkata hannu kaɗan, sai sitiyari ya cije, sai ka sa ƙarfi ya saki. Kafin shekarar ta ƙare hukumar ta faɗaɗa binciken, ta ce an kawo mata rahoton haɗari 13, a 11 daga ciki direbobin sun ce mota ta sauka daga titi kafin su iya juyo da ita. A Oktoban 2024 Honda da kanta ta kira motoci kusan miliyan 1.7 a Amurka a dawo da su gyara, har da Civic daga 2022 zuwa 2025, da CR-V da HR-V. Akwai wani ɗan faifai mai haƙora a cikin akwatin sitiyarin da ke kumbura idan ya sha zafi da danshi, giris ya yi ƙaranci a tsakanin haƙoran, ga sifirin da ke danne shi ya yi tsauri. Gyaran shi ne a sauya sifirin a gyara giris ɗin, kyauta. Kyauta a can fa. Kai da ka sayo a nan babu mai aiko maka da wasiƙa.

Tawa motar ba irin taka ba ce, kuma ba zan kama sunanta ba, don kamfanin bai yi mini komai ba, mutum ne ya cuce ni. Ƙaramar mota ce sabuwar yayi, fentinta kamar ka lasa. Dilan da ya sayar mini ba baƙo ba ne, sahu ɗaya muke sallah, na je sunan 'yarsa, yana ce mini yaya. Da na ce masa ina jin tana ɗan ja gefe, sai ya yi dariya ya ce yaya alaimen ne kawai, ai motar wata tsohuwa ce a can, daga gida sai kasuwa. Kullum tsohuwa ce! Ku da kuke nan kun san wannan tsohuwar, duk motocin Kwatano nata ne.

Muna dawowa daga Zariya da yamma, lokacin ana aikin hanya an haɗe mu hannu ɗaya. Iyalina na gaba, yaronmu na baya yana barci. Wata tirela ta ci rabin hannuna, na kauce, na zo dawowa mota ta ƙi bin hannuna, muka daki kankaren da aka jera a gefe. Gudun ba na hauka ba ne, amma bonet ya naɗe har kusa da gilas. Jakar iska ko ɗaya ba ta buɗe ba. Bel ɗin iyalina bai riƙe ta ba, ta tafi gaba gaba ɗaya, kanta ya bugi gilas, ƙashin kafaɗarta ya karye. Abin da ba na mantawa shi ne shirun da ta yi. Yaro na ihu a baya, ni ina kiran sunanta, ita ido a buɗe ba ta amsawa, jini na bin gefen mayafinta. Na kasa buɗe ƙofa, hannuna sai rawa yake. Wasu bayin Allah masu sayar da rake ne suka ɓalle ƙofar suka fito da ita, wani direban haya ya sauke fasinjojinsa ya kai mu asibiti, ko kuɗin mai bai karɓa ba. Allah ya saka masa da Aljanna. A hanya sai da ta farfaɗo ta tambayi ina yaron, sannan na iya jan numfashi.

Da aka ja motar gareji, mai gyaran jiki ya buɗe murfin sitiyari a gabana. Wayam, sai soso da aka cusa. Ɓangaren fasinja ma haka, an like dashbod an fesa masa baƙi. Mai wayarin ya nuna mini ɗan abin da aka jona a waya don kwamfutar motar ta ɗauka jakar tana nan. Ƙafar gaba kuwa an taɓa miƙe ta da wuta, shi ne jan gefen da nake ji. Ƙanena ya rubuta lambar casis a Google, sai ga hotunan motar a filin gwanjo a Amurka, gaba a ragargaje, jakunkunan biyu a fashe suna reto.

Na kai wa dilan hotunan har shago. Bai ko ɗaga kai sosai ba, ya ce yaya ƙaddara ce, shi ma haka aka turo masa. Na ce to waye ya kai ta wurin mai fenti? Ya ce kaya ya riga ya bar hannunsa. Bai taka asibiti ba, ko a waya bai ce ya mai jiki ba. Dattawa suka shiga, aka ce in yi haƙuri don zumunci, ya yi alkawarin wani abu, har yau shiru. Ina ganinsa ya shige sabuwar mota yana ɗaga mini hannu. Na yarda da ƙaddara, amma ƙaddara ba ta cusa soso a sitiyari. Na bar shi da Allah, kuma ban yafe ba tukuna.

Don haka Malam, kafin ka ƙara ko kwabo, karɓi lambar casis da idonka, harufa da lambobi 17 ne, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da jikin ƙofa, ka tabbatar sun zo ɗaya. Sa ta a shafin NHTSA, kyauta ne, zai nuna maka idan akwai gyaran da aka kira ba a yi ba. Ka kuma duba yaushe ta bar Amurka. In an yi gwanjonta kafin Oktoban 2024, to wa ya yi mata gyaran? Motar da inshora ta yar a fili ba mai ɗaukarta ya kai ta layin gyara. Kada kuma ka yarda da zagayen unguwa, wannan ciwon ya fi fitowa a babbar hanya. Ku hau babbar hanya da makanikenka, ba nasa ba, ku yi tafiya mai nisa har ta ɗau zafi, ka ji hannunka.

Ka murɗa makulli ka zuba wa fitilar jakar iska ido. Ya kamata ta kama, ta yi 'yan daƙiƙu, ta mutu ita kaɗai. In ba ta kama ba sam, an cire ta ko an rufe. In kuma tare take mutuwa da fitilar mai ko ta batir, wataƙila haɗe su aka yi. Fizgi kowane bel da ƙarfi ka ga ko zai cije. Ni yanzu ko motar haya na shiga sai na fizga, har dariya ake yi mini.

Masu tsofaffin Corolla da Civic da Accord ma kada ku ce ba da ku ake ba. Jakunkunan iska na kamfanin Takata da aka kira kusan miliyan 67 a Amurka, sinadarin cikinsu zafi da danshi ne ke lalata shi, sai ya fashe da gutsattsarin ƙarfe a fuskar mutum, ya kashe sama da mutum 20 a can kaɗai. Ku tuna zafin Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri. Taya ma ku riƙa duba shekararta, lambobi huɗu ne a jiki, mako da shekara, don tsohuwar taya mai sabon zane ta cika kasuwa.

Ni ban ce motar ba ta sayuwa ba. In casis ta fito da tsabta, ba ta yi mummunan haɗari ba, gyaran sitiyari kawai ya rage, ka tambayi dillalin kamfanin na nan ƙasar ko suna yi da nawa, ka zabge kuɗin daga cinikin. In kuwa dilan ya fara kame-kame a kan lambar, ko ya ce sai ka cika kuɗi za a hau babbar hanya, ka nemi kafin alƙalaminka yau, da shaida biyu, ko da zai yanki wani abu. Allah ya tsare mu.