Sitikar Tomcat ɗina ta yi fari-fari, ko jabu aka sayar mini?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na haɗa ƙaramin samfurin jirgin yaƙi F-14A Tomcat na kamfanin Tamiya mai sikelin 1/48, sannan na yi odar sitikar ruwa (wadda ake jiƙawa kafin a liƙa) daban daga ƙasar waje, mai tambarin ƙoƙon kai da ƙasusuwa na VF-84, wata rundunar jiragen yaƙi ta sojan ruwan Amurka. Wata biyu na yi ina jiranta. Da na liƙa ƙananan rubuce-rubucen kan fiffike, sai gefensu ya yi fari-fari kamar azurfa. Wani ya ce jabu ce, in ɗiga mata tina ko sufa gulu za ta kwanta. Hankalina a tashe yake, domin ba ni da wata, amma ban taɓa ta wutsiya ba tukuna.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Malam, ka kwantar da hankalinka, sitikarka lafiyarta ƙalau, kuma ka yi dabara da ka fara gwaji a fiffike. Wannan farin iska ce da ta maƙale tsakanin fatar sitikar da fenti. Ina kyautata zaton fentin Tamiya mai lambar XF ka fesa, wanda ba shi da sheƙi. Irin wannan fenti a ido sumul yake, amma a zahiri fuskarsa kaushi ne da ita kamar sanfefa, don haka fatar sitikar takan hau kan tudun ta bar iska a cikin ramukan, hasken da ke faɗawa wurin shi ne azurfar da kake gani.

Maganar tina da sufa gulu kuwa, na gaji da jin ta. Kusan kullum sai wani ya kawo mini jirgin da aka kashe da wannan shawara. Tina mai ƙarfi takan narkar da tawadar sitikar, ta ci fentin da ke ƙasa, wani lokaci har robar jirgin. Sufa gulu kuma tana bushewa da tauri, tururinta ya bar farin dusa-dusa a kewaye, wato ka tafi neman gira ka rasa ido. Ko ruwan da aka yi musamman domin wannan aiki, Micro Sol mai jan rubutu, aikinsa tausasa fatar ne domin ta bi layuka da lanƙwasar jiki, bai isa ya gyara fenti mai kaushi ba. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne mutum ya shafa shi, ya ga sitikar ta yamutse, sai ya firgita ya sa yatsa zai miƙar da ita. Yamutsewar nan alama ce maganin yana aiki, a lokacin fatar ta yi laushi kamar jiƙaƙƙiyar takarda, taɓa ta ɗaya ta yage. Ka naɗe hannunka ka bar ta ta kwana.

Waɗanda suka riga suka yi fari, ka huhhuda su da bakin allura a hankali, ka ɗiga Micro Sol kaɗan ya shiga ta ƙofofin, ka maimaita idan ya bushe. Kafin ka kusanci wutsiya kuma, ka fesa wa jirgin duka fenti garai-garai mai sheƙi irin X-22, ka kifa masa kwali saboda ƙura, musamman da hunturu, ya yi aƙalla kwana guda. Ka jiƙa sitikar a ruwa mai ɗumi-ɗumi, ka shafa Micro Set mai shuɗin rubutu, ruwan da ke taimaka mata ta liƙe, a wurin da za ta zauna, ka zame ta daga takardarta, ka matse ruwan daga tsakiya zuwa gefe da audugar goge kunne.

Ka kuma duba takardar bayanin, ka tabbatar don samfurin Tamiya aka auna ta, domin sikeli ɗaya ba ya nufin wutsiyar samfurin kamfanin Hasegawa da ta Tamiya daidai suke. Kada kuma ka kwaikwayi hotunan jiragen rundunar VF-103, waɗanda suka gaji ƙoƙon kan bayan an rushe VF-84 a 1995, su F-14B suka tuƙa, naka kuwa F-14A ne.