Jin rediyo a mota mai maɓalli ba tare da an tayar da inji ba

Assalamu alaikum. Malam, tun jiya da daddare na ga tambayarka, cewa ka sauya mota ka koma irin wadda ake tayarwa da maɓalli, kuma yanzu in ka je ɗaukar yara a makaranta ka kashe inji sai rediyo ya ɗauke, alhali a tsohuwar motar makulli kawai kake murɗowa baya ka ci gaba da jin labarai. Na ga wasu sun ce maka sai dai ka bar ta a silo, wato tana tsaye inji yana aiki. A'a, da hanya. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wa zai zauna yana ƙona fetur rabin awa don kawai ya ji Inda Ranka?

Sirrin yana ƙafarka ne. Ɗauke ta daga kan birki gaba ɗaya, giya tana P, rimot yana cikin mota, sai ka danna maɓallin sau ɗaya. Inji ba zai tashi ba, amma rediyo zai kawo, haka ramin cajin waya. Wannan shi ne ACC ɗin da ka sani a jikin tsohon ki, maɓalli ne kawai ya maye gurbin murɗawa. In ka ƙara dannawa, har yanzu ba ka taka birki ba, ta shiga ON: duk fitilun dashbod za su kama, fanka ta tashi, gilasai su yi aiki. Dannawa ta uku kuma ta kashe komai. Abin da ke ruɗa mutane shi ne ƙafa ta riga ta saba, da an zauna sai ta hau birki ba a sani ba, ana taɓa maɓalli sai inji ya amsa. Mai manuwal kuwa kuloci zai ɗauke wa ƙafa. Haka tsarin yake a Toyota da Lexus da Honda da Hyundai da Kia, kuma Mercedes ma dannawa ɗaya mataki na farko ne, biyu mataki na biyu. A tsofaffin Toyota ma maɓallin da kansa yake gaya maka: 'yar fitilar jikinsa in ta nuna kore, to birki a take yake, inji zai tashi, in ruwan lemo ce, kana ACC ko ON.

Ba ka faɗi irin motarka ba, to ga wani bambanci. Wasu motocin Turai da na Amurka ba sa ma bukatar wannan. Volkswagen da Ford da yawa, ko mota a kashe take, in ka danna makunnin rediyon kansa zai kawo, ya yi ɗan lokaci sannan ya mutu. Motocin GM irin su Chevrolet kuma bayan ka kashe inji rediyo yakan ci gaba har minti 10, ko har ka buɗe ƙofarka. Saboda haka fara gwada makunnin rediyon tukuna.

Akwai dabarar da nake yi a Camry ɗina idan ana tsakiyar hira mai daɗi ba na son ta yanke ko na daƙiƙa biyar. Ina tsayawa, in ja birkin fakin sosai, in sa giya a N, sannan in danna maɓalli. Toyota in aka kashe inji giya ba ta P, ba ta mutuwa gaba ɗaya, ACC take komawa. Inji ya yi shiru, rediyo bai ko gifta ba. Daga nan sai in mayar da giya P. Za ta rubuto maka a dashbod cewa ka kashe wuta, ka ƙyale ta. Amma don Allah kada ka manta mayarwa P ɗin nan, musamman a gangara kuma ga yaran makaranta suna gilmawa ta ko'ina.

Kada ka tsorata idan kana cikin ji ya ɗauke da kansa. Ba lalacewa ba ce, motar ce ke tsare batirinta. Toyota da yawa na shekarun nan minti 20 suke ba ka a ACC, Honda kuma tsakanin minti 30 zuwa awa guda. Ka sake dannawa sau ɗaya ya dawo. Haka in ka buɗe ƙofa za ta dinga yi maka ƙara, kuma in ka fita da rimot ba za ta yarda ta kulle ba sai ka kashe. Duk tunatarwa ce.

To yanzu in zo kan abin da ya sa na zauna rubuta wannan doguwar amsa, wato bambancin dannawa ɗaya da biyu. Ni da kuɗina da wahalata na koye shi.

Wata kaka na je gona duba masu yankan shinkafa, can cikin fadama, tafiyar kusan minti ashirin daga bakin kwalta. Ranar ana buga wasan ƙwallon da ba na son ya wuce ni. Na faka ƙarƙashin wata tsamiya, na kwantar da kujera, na danna sau biyu saboda ina son fanka ta ɗan busa ni. Aka tafi hutun rabin lokaci, motar ta kashe kanta, na sake danna biyu ban ko yi tunani ba. Ashe makunnin fitila yana kan AUTO, inuwar tsamiya ga yamma ta yi, manyan fitilu sun kama tun tuni ban lura ba. Ana tashi daga wasa ana kiran magariba a ƙauyen da ke gefe. Na taka birki na danna, sai na ji ƙat-ƙat-ƙat-ƙat, fitilun dashbod suna lumshewa kamar aci-balbal a iska. Yaran gona suka taso da zuciya ɗaya, wai Alhaji shiga mu tura. Na ce ku huta, otomatik ba ta tashi da turi. Sai da na hau bayan wani ɗan acaɓa muka je bakin titi, muka roƙi wani direban a-kori-kura ya biyo mu, shi ma ba shi da wayar jonawa, sai batirinsa ya kwance muka ɗora. Ban shiga gida ba sai bayan isha'i, sauro ya gama da ƙafafuna, uwargida kuma ta samu abin tsokana na wata guda.

Da na zauna na yi lissafi sai na ga ba abin mamaki. Batirin mota irin tamu yawanci 60Ah ne zuwa 75Ah. Rediyon da ya zo da mota, a murya daidai, abin da yake ja bai wuce amfiya biyu ko uku ba, ka ga awa guda ba ta rage wa lafiyayyen batir komai. Amma ƙwan fitila guda wat 55 ne, biyu sun kai kusan amfiya tara, ga ƙananan fitilun baya, ga fanka wadda in ka ƙure ta ita ma tana cin goma ko fiye, ga kwamfutocin motar duk a farke. Awa biyu a haka, a batirin da ya riga ya sha zafin bazara biyu, ai ƙarshen zance ke nan. Kuma abin haushin, esi ba ya sanyi in inji bai tashi ba, tun da inji ne ke juya kwamfuresa. Iskar zafi kawai na sha na kashe batir. In zafi ya dame ka, danna biyu ka sauke gilasai, sannan ka kashe ka dawo ɗaya.

Wannan lissafin na rediyon asali ne. In ka sa babban allon Android ɗin nan da amfilifaya da ƙatuwar sifika a but, lissafi ya canza. Wasu masu rewaya ma kai tsaye suke jona amfilifaya da batir ba tare da wayar da ke kashe ta ba, sai ka ga mota tana kwana tana shan wuta, da safe a ɗora wa batir laifi. In kana da irin wannan, sa a duba maka.

Sannan ka san lafiyar batirinka, kada ka yi ta zato. Akwai ɗan abin auna wuta da ake soka shi a ramin caji, ba shi da tsada. Da safe kafin ka tayar, cikakken batir yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ka ga 12.2 ya kai rabi, in ya sauka 12.0 to bar jin rediyo ka tayar da mota. Inji yana aiki kuma ya kamata ka ga tsakanin 13.8 zuwa 14.4, alamar altaneta tana caji. Masu gajerun tafiye-tafiye, gida zuwa makaranta zuwa kasuwa, su ne suka fi shiga matsala, don batir bai gama mayar da abin da kik ya ci ba an sake kashewa. Ni dai ƙa'idata, in jira ya haura minti arba'in sai in tayar, kuma tun ranar fadama ban ƙara fita ba wayar jona batir a but ba.

In haibirid ce motarka, irin Prius ko Camry mai batir biyu, shawarar ta juya. Ƙaramin batirinta mai bolt 12 ba shi da girma, kuma in ya mutu motar ba za ta kunnu ba ko da babban a cike yake. Ita gara ka bar ta a READY, wato a kunne sosai, giya tana P, babban batir ya riƙe rediyo har da esi, inji ya dinga tashi jefi-jefi yana mutuwa da kansa. Sai dai wannan a fili ake yi. Cikin rufaffen gareji kada ka bar kowace mota a kunne, hayaƙin salansa irin na janareta ne, yana kisa ba a ji warinsa ba.

Wani abu da ba ka tambaya ba amma na san za ka ci karo da shi: ranar da ka danna ta ce ba ta ga ki ba alhali yana aljihunka, batirin rimot ne ya yi sanyi. A motoci da yawa, in ka kara rimot ɗin a jikin maɓallin sannan ka danna, za ta amsa. Yawancinsu ɗan faifan batirin nan ne CR2032, masu gyaran agogo suna sayarwa, da kanka ma za ka iya sauyawa.

Gobe in ka je makarantar ka gwada, ka dawo ka faɗa mana sunan motar da shekararta, sai in gaya maka minti nawa za ta ba ka kafin ta ɗauke. Ka kuma leƙa makunnin fitilar nan ka mayar da shi OFF kafin ka kwantar da kujera.