Fetur marar etanol ko E10 ga motar gudu?

Ka tambaya ko fetur marar etanol (wani sinadari da ake samu daga tsirrai a haɗa da fetur) ya fi dacewa da motarka mai turbo a kan E10, wato mai etanol kashi 10 cikin ɗari. A'a, muddin motar ta zamani ce kuma kullum tana kan hanya. Lambar oktan (ma'aunin yadda fetur ke jure matsi a cikin inji) da kamfanin motar ya ce a zuba ita ce abin dubawa. Etanol ma ɗaga oktan yake yi, sai dai motar za ta ƙara shan mai da kamar kashi 3.

Amma in za ta yi watanni a ajiye, zuba marar etanol, don etanol yana janyo danshi cikin tanki. Tsohuwar motata mai kafireta ta yi wata biyar da E10 a ciki, sai da aka wanke tankin aka canza robobin mai kafin ta tashi.